Daren da muka ga sunan Sambisa a fim ɗin Black Panther

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare yara suka tasa ni gaba sai mun sake kallon Black Panther, wai sun gama Eyes of Wakanda, fim ɗin zanen nan mai kashi 4 da ya fito a Agustan 2025, suna son su koma tushe. Da aka zo wurin da aka rubuta sunan dajin Sambisa a jikin hoto, sai na tuna karon farko da na gani a 2018. A gidan kallon unguwarmu ne, tsakiyar bazara, ga rufin kwano ga zafin Garwa, sefa 100 kuɗin shiga. Kwafin ma na sata ne, wanda aka ɗauka da waya a wata silima, har kawunan mutane kana gani suna giftawa. Ana ta surutu kamar kasuwa, amma sunan nan na fitowa ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin wuta daga waje. Can wani daga baya ya ce a mayar, a mayar! Sau uku mai gidan kallo ya mayar. Ku a ina kuka fara ganin wurin nan, kuma me ya zo muku a rai?

Baffan Mora: Wa alaikumus salam. Ni dariya na fara yi, Allah Ya gani. Wannan kurmin mai manyan itatuwa da ganye shar shi ne Sambisa? Na yi shekaru ina safarar albasa da shanu ta Banki da Bama kafin hanya ta lalace, na san irin ƙasar. Ƙaya ce da sarƙaƙiya, da aduwa da tsamiya jefi-jefi, rani na yi ta bushe ƙarau. Daga baya aka gaya mini a Amurka aka ɗauki wurin, wajajen Atlanta, na ce biri ya yi kama da mutum.

Dariyar ba ta yi nisa ba. A wurin da aka ceto matan da 'yan bindiga suka sato, akwai yaron nan mai bindiga da jarumin, sarkin ƙasar Wakanda ta cikin fim ɗin, zai kashe, tsohuwar budurwarsa Nakia ta tare shi ta ce shi ma sato shi aka yi. Nan na ajiye wayar. Ɗan maƙwabcinmu haka aka tafi da shi yana kiwon awaki, shekararsa 13, har yau babu labari. A fim an ce wa matan su mayar da yaro wurin danginsa, magana ta ƙare ke nan. Wanda ya san yadda gari yake kallon yaron da ya dawo daga daji ya san a nan ake fara wata shari'ar.

Maman Hafsa, Marwa: Baffa, ka taɓa inda yake mini ciwo. Ina Marwa a watan Yulin 2015 lokacin da bama-bamai suka tashi, na ranar 22 da na ranar 25. Wata da watanni ban taka babbar kasuwa ba, ƙanina nake aika cefane. Da na kalli fim ɗin, a waya ne, ni da ƙawayena biyu mun haɗa kai kan tabarma. Ɗaya ta yi guɗa da Okoye, shugabar dogaran sarki mata, ta fito da mashinta, ni kuwa na kasa. Kallon su nake yi sun gama da ayarin motoci cikin 'yan mintuna, har da raha wai gogan ya ƙame da ya ga tsohuwar budurwarsa. Raha a Sambisa! 'Yan matan Cibok 276 aka kwashe a Afrilun 2014, kuma lokacin da fim ɗin ya fito sama da 100 ba su dawo ba. Sannan ga shi an ce wa matan kada su gaya wa kowa abin da suka gani, jirgi ya ɗaga ya bar su cikin dare. To su bi wace hanya?

Injiniya Kusiri: Hajiya, ki yi haƙuri, ni ban gan shi haka ba. Ai wannan ce rigimar fim ɗin gaba ɗaya. Wakanda tana da ƙarfi da dukiya amma ta kulle ƙofa, Nakia ce ke cewa a buɗe a taimaki maƙwabta, sarki yana nuƙu-nuƙu. Ba Sambisa suka zo cetowa ba, Nakia kaɗai suka zo ɗauka don bikin naɗin sarauta, kuma darakta Ryan Coogler da gangan ya bar abin ya yi mana ɗaci. Ni a Njamena na kalla, na haye gadar Ngeli a kan kilando, wato acaɓa, zuwa gidan abokina mai babbar talabijin. Da fassarar Faransanci muka kalla, ka ji sarkin Afirka yana zuba Faransancin Faris, mu ma sai da muka yi dariya.

Maman Hafsa, Marwa: Injiniya, da gangan ko ba da gangan ba, su a wurinsu mabuɗin labari ne. Na ji hujjarka, amma har yau in an zo wurin tura shi gaba nake yi.

Malam Tsoho, Ngaundere: Ku bar ni in shigo da tsufana. Mu da muka tashi da ƙananan littattafan hoto na Faransa, su Zembla da Akim, ana hayarsu hannu zuwa hannu har bango ya yage, mun saba ganin Afirka a matsayin dajin da wani farin mutum yake sarauta a ciki, baƙaƙe na ɗaukar masa kaya. Shi wannan jarumi Black Panther, marubutan littattafan hoto Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙire shi tun 1966, amma ban taɓa cin karo da shi ba sai da furfura ta fito. Ɗana ne ya biya mini jirgin ƙasa, na kwana a hanya zuwa Yawunde, na sauka unguwar Birketiri wurin dangi, washegari ya kai ni silimar Canal Olympia. Rabona da silima ta gaske tun ana sayar da gyaɗa a ƙofa.

Da aka wuce Sambisa, wanda nan ma ban ji daɗi ba, jirgi ya nufi Wakanda da hantsi sai murya ta tashi. Na dafa ɗana na ce wannan Bafillace ne. Baaba Maal ne na Senegal. Fillancinsu na yamma ya sha bamban da namu na Adamawa, ba komai na tsinta ba, amma jan muryar irin na makiyayi ne da yake kiran shanu daga nesa. Mutanen kudu da ke kusa da ni suna jin daɗin kiɗa kawai, ni kuwa hula na gyara ina share ido. Ban yi mamaki ba da kiɗan ya ci kyautar Oscar a 2019, tare da sutura da tsara wurare.

Ɗan Garwa: Allah Ya ƙara girma, Malam. Wallahi a kwafinmu na gidan kallo ko muryar ba mu ji sosai ba, tarin wani Bature ya rufe ta.

Ɗalibar Jami'ar Marwa: Baba Malam, a gafarce ni, ni wurin da ya fi tsaya mini daban ne. Gidan tarihin nan na Landan, inda Killmonger, abokin gabar sarki, yake tambayar ma'aikaciyar wurin ta yaya kakanninta suka samo kayan Afirka. Mun yi musu a kansa a aji har malami ya bari lokaci ya wuce, domin kujerar sarautar Bamun ta Kamaru, ta Sarki Njoya, tana Balin ta Jamus tun 1908. Wasu suka ce kyauta ce ya bai wa sarkin Jamus, wasu suka ce kyautar wanda aka mamaye ƙasarsa sunanta wani abu daban. Amma a kan Sambisa ina bayan Hajiya. Na taɓa rakiyar masu aikin agaji sansanin Minawawo kusa da Mokolo, na zauna da matan da suka gudo daga Gwoza. Babu wadda ta ce mini wani ne ya faɗo daga sama. Da ƙafa suka hayo duwatsun Mandara, goyo a baya.

Injiniya Kusiri: To na biyun fa, Wakanda Forever na 2022? Ni barci ya ɗauke ni a tsakiya, mutanen ruwan nan ba su shige ni ba.

Baffan Mora: Wancan zaman makoki ne, Injiniya. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin jarumin, ya rasu a Agustan 2020 yana da shekara 43, ashe da ciwon dajin hanji yake ta yin fina-finan nan bai faɗa wa duniya ba. Na kalle shi don ta'aziyya, sau ɗaya. Na farkon kuma har yanzu yana cikin memorin wayata. Mahaifin yaron da na ba ku labari ya taɓa cewa in nuna masa, wai ya ji ana cewa an saka Sambisa a fim. Na ce masa wayar ba caji.