Ta yaya zan zana halayenmu na yau da kullum ba tare da na ci zarafin kowa ba?

Mai Fensir: Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin zanen barkwanci na siyasa, musamman na Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙananan saɓanin da ke tsakanin maganarmu da aikinmu. Na zana wani mai kanti zaune ƙarƙashin allon da aka rubuta "Ba a bashi yau, sai gobe", alhali littafin bashinsa ya cika har ya ƙara masa takardu. Wani maƙwabcina ya gani ya ɓata rai, wai da shi nake. Ina neman shawararku kan iyakar da ke tsakanin raha da cin fuska.

Bazazzagiya: Wa'alaikumus salam. Malam, a ganina zanenka bai yi laifi ba, domin abin da ya fito fili a cikinsa tausayin mai kantin ne, wanda ya kasa hana maƙwabta sukari da sabulu duk da dokar da ya kafa da hannunsa. Abin kiyayewa shi ne kama: kada fuska ko hula ko ƙofar kantin su nuna wani sananne a unguwa. Idan mai karatu ya ga kansa sai ya yi dariya, idan kuwa ya ga cewa kowa zai gane shi, to zance ya zama na mutunci.

Ɗan Maraɗi: Ina goyon bayan Hajiya. Muna da ma'auni tun kaka da kakanni, wato wasan taubasai da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zazzagawa, wanda irinsa na Nijar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon al'adun duniya a 2014. Ana tsokanar hali, amma ba a taɓa asalin uwa da uba, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Ka riƙa juya zanen: yau mai kanti, gobe mai cin bashin da ke sauya hanya don kada ya bi ta gaban kantin.

Tsohon Malamin Zane: Ɗana, ka rage rubutu. Charles Schulz na Amurka ya yi kusan shekara hamsin, daga 1950 zuwa 2000, yana ba mutane dariya da ɗan zane mai gida huɗu galibi, wato ƙananan hotuna huɗu a jere, kuma yakan ajiye abin dariyar sai a gidan ƙarshe. Ka gwada wannan: a gida uku mutum yana waya yana cewa "Ga ni nan bisa hanya", ba a nuna komai sai fuskarsa, a na huɗu kuma a gan shi kan tabarma, tela bai ma kawo rigar da zai sa ba. Idan ka gama, ka fara nuna wa maƙwabcin naka kafin kowa.