Musayar waƙa: Gwamnar Alaska a majigi

Malam Na-Fagge:
Daren jiya na sake kallon Game Change, fim ɗin tashar HBO na 2012 kan yadda John McCain ya ɗauko Sarah Palin ta tsaya masa mataimakiya a zaɓen Amurka na 2008. Ga abin da ya fito min. Wanda ya isa ya amsa.

McCain da ya ga Obama na ta haskawa,
Ya ce a nemo mace ko za a farfaɗowa.
Aka je Alaska, ƙasar ƙanƙara da daskarewa,
Aka ɗauko gwamnar da ba ta cika shekara biyu da hawa.
Ran 29 ga Agusta a Dayton aka yi nunawa,
Jama'a na tafi, mashawarta na karkarwa.
Katie Couric ta ce wace jarida kike karantawa?
Ta ce dukkansu, suna ɗaya ya gagara fitowa.

Uwar Biyu:
Malam Na-Fagge, sannu da aikin dare,
Ka ga laifin akuya, ka bar wanda ya ɗaure.
Ita ta kai kanta? Zuwa aka yi aka tare,
Bincike na ƴan kwanaki, suka ce komai a gyare.
Ga jariri a hannu, ga ɗa za shi Iraƙi, ta jure,
Ku zazzaɓin yini ɗaya sai ku ce duniya ta ƙare.

Ɗan Maraɗi:
Kai! Hajiya ta gama magana. Malam, nemi ruwa ka sha.

Malam Na-Fagge:
Hajiya, ban taɓa goyo ba, goyo abin girma ne,
Amma tsohon da ta bi ɗan saba'in da biyu ne.
In ya kwanta dama, mulkin Amurka nata ne,
Makaman nukiliya a hannun ɗan koyo, wasa ne?
Hango Rasha daga ƙofar gida, shi ilimin waje ne?

Ɗalibin Aruli:
Ku dakata. Malam, da girmanka, amma a waƙarka ta fari ɗangonka na farko gaɓa 13 ne, na huɗu 19. Wane kari ka hau? Ba Mutaƙarib ba ne, ba Rajaz ba ne. Sannan jera "ne, ne, ne" ba amsa-amo ba ne, gudun wahala ne.

Malam Na-Fagge:
Yaro, da kunne ake auna waƙa, ba da mudu ba.

Ɗalibin Aruli:
To kunnen ne ya kawo ƙara, Baba.

Ɗan Maraɗi:
Makaɗan fada sun shekara aru-aru suna waƙa ba su ƙirga gaɓa ba. Kai baiti nawa ka taɓa yi?

Ɗalibin Aruli:
Su akwai kalangu da kotso da ke riƙe musu kari. Shi me ke riƙe masa? Waya?

Uwar Biyu:
Ku bar mu da gaɓa, akwai ƙarya a ƙasa.

Malam, ka jingina mata zancen da ba nata ba,
Tina Fey ce ta ce "daga gidana", a wasan barkwanci, ba ita ba.
Ita cewa ta yi daga wani tsibirin Alaska, kuma ba ta yi ƙarya ba,
Ka haddace mai kwaikwayo, ba ka saurari mai magana ba.

Ɗalibin Aruli:
Ɗango na biyu ya fi na Malam ma tsawo, Hajiya.

Uwar Biyu:
Ƙanena, je ka ƙirga buhunan shinkafa.

Bakatsine:
Na makara, tun shekaranjiya ba mu da wuta. Ni ba ruwana da rigimarku, ƴar wasan da ta fito a matsayin Palin nake wa waƙa.

Julianne Moore, Allah ya ba ki gwaninta,
Tabarau da ɗaurin gashi, har karkata bakinta.
Wurin da aka zube mata katunan karatu a gabanta,
Ana tambaya ta yi shiru, ido ya kafe, ba motsinta,
Nan na ji tausayi ya kama ni don ganinta.
Ba banza aka ba ki kyautar Emmy ba, kin cancanta.

Kuma ku tuna, a fim ɗin, Steve Schmidt, babban mashawarcin kamfen ɗin McCain, wanda Woody Harrelson ya fito a matsayinsa, yana cikin masu matsa wa McCain a ɗauko ta. Da abin ya kwaɓe, shi ne kan gaba wajen dafe kai. Nicolle Wallace kuwa, da aka ba ta aikin horar da ita, ta ce ta kasa jefa ƙuri'a ma.

Ɗan Maraɗi:
Tausayi ba ya cin zaɓe, Bakatsine. A ƙuri'un wakilan zaɓe, Obama 365, McCain 173. Namu ya yi musu wankin babban bargo.

Bakatsine:
Naku a ina? Ɗan Maraɗi ne shi?

Malam Na-Fagge:
Hajiya, na karɓi gyara kan zancen Rasha,
Amma suturar dala 150,000 fa, wa ya sa, wa ya sha?
Daren faɗuwa a Phoenix ta ce sai ta yi jawabi, aka ce a'a, tasha,
Wanda bai iya iyo ba ya ce zai ƙetare da masu sha.

Ɗalibin Aruli:
"Masu sha" me? An kashe ma'ana don a tsira da amsa-amo.

Uwar Biyu:
Suturar jam'iyya ta saya, ba ita ta je kanti ba,
Masu gyara ta don kyamara ba su gyara lissafinsu ba.
Bankin Lehman ya rushe a Satumba, ba Sarah ta ture shi ba,
Tattalin arziki ya ci McCain, kun ce mace ce, ba ku ji kunya ba.
Kuma labarin daga bakin waɗanda suka faɗi ya fito, ba daga nata ba,
Ita ta ce fim ɗin ƙarya ne, ba ku tambaye ta ba.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, yanzu kuma kin koma Rifablikan? Na janye yabona.

Malam Na-Fagge:
An kira isha. Ina da ƙwar biyar a kanki, Hajiya, kar ki yi barci. Kai kuma yaro, ka tanadi mudunka.