Tsohuwar Jidda Ta Sha Gyara: Ku Amsa da "Ni"

Baba Ɗan Takari, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Alhamis bayan la'asar jikata ta ja ni zuwa Balad, wato tsohon garin Jidda, rabona da ita tun kafin korona. Na dawo gida barci ya ƙi zuwa, sai baitoci. Amsa-amon "ni" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi, kar a kawo mini wani.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai raya matacce, mai tsare birni.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Da alaye, sahabbai, fitilun addini.

Na je Balad na sha kallo,
Abin da na gano ne ya tashe ni.

Gidan da na bari ya ranƙwafa,
Yau ya miƙe, kai ka ce sabon gini.

Dutsen teku aka sassaƙo,
Manƙabi sunansa, in ji magini.

A jera katako a tsakaninsa,
Shi ke raba nauyi, ka ji fanni.

Ga rawashin, tagogin katako,
Kore da shuɗi, kowacce da launi.

Iska ta shiga, rana ta tsaya waje,
Na ciki na kallo, na titi ba ya gani.

Halifa Usmanu ya mai da Jidda tashar Makka,
Hijira na da 26, tun wancan zamani.

Gidan Nasif na nan da darbejiyarsa,
A 1925 Sarki Abdul'aziz ya yi masa mazauni.

A 2014 UNESCO ta rubuta ta
Cikin gadon duniya, ga bayani.

A 2019 riyal miliyan 50 suka fito,
Yarima mai jiran gado ya ba da umarni.

Gida 56 da ke shirin kifewa,
Da su aka fara, aka yi musu magani.

Hukumar da ta zuba kuɗi a tsohon bango,
Na yaba mata, ta san darajar kakanni.

Uwar Zahra, Bahra

Wa alaikumus salam Baba, ina gaisuwa. Ban iya waƙa kamar ku ba, amma wannan ta taɓa mini inda ke ciwo.

Baba, baitinka zuma ne,
Ga zaƙi ga harbi, ya harbe ni.

Daga ƙofar Bab Makka zuwa unguwar Sabil ba nisa,
A can uwata ta haife ni.

Can muke toya ƙosai da asuba,
Kunun gyaɗa na jira, kowa da kwano a hannu, har ni.

Tsiren da Larabawa ke ce wa siriya,
Daga lungunanmu ya fita, kowa ya sani.

A 2022 aka zo da jan fenti,
Aka rubuta "ikhla", wato a tashi, a bangon da ya raine ni.

Katafila ta yi kwanaki kaɗan,
Na koma dubawa, fili ya tarbe ni.

An ce lungu ne, maɓoyar ɓarna,
Ban ƙaryata duka ba, wani abin na gani.

Motar kashe gobara ba ta iya shiga,
Ruwan kwata a ƙofa, damina da rani.

Amma diyya ta mai takardar gida ce,
Ɗan haya sai ƙunshin kaya da tunani.

Maƙwabciyar shekara talatin ta yi gabas,
Na yi yamma, ko sallama ba ta riske ni.

To Baba, dutse an ce yana da tarihi,
Mutum fa? Wa zai rubuta ni?

Sani Magini, Riyad

Baba ina wuni, Yaya sannu da haƙuri. Ni a Dir'iyya nake aiki, kusa da Turaif, wadda ita ma UNESCO ta rubuta tun 2010, shekara huɗu kafin Balad. Zan yi 'yar ƙwar huɗu, amma ban saki "ni" ba.

Yaya haƙuri, Allah ya musanya,
Ɗan haya kullum yana bisa hanya,
Haka muke, baƙi ne a duniya,
Ku ba ni aron kunne ku saurare ni.

Ni a Dir'iyya nake cuɗa laka,
Sana'ar da na koya a gun kaka,
A gida an ce aikin talaka,
Nan injiniya ke zuwa ya tambaye ni.

Turaif ce fadar farko ta ƙasa,
Ibrahim Basha ya zo da dakarunsa,
A 1818 ya rurrusa,
Ta zauna kango fiye da ƙarni.

Yau ga tubali, ga laka da ciyawa,
Itacen asal ne azarar rufewa,
Ba a kawo siminti wurin yaɓawa,
Yana riƙe danshi ya kashe gini.

Sai na tuna Kano, na tuna Badala,
Ganuwar da ta kewaye Dala,
Masu yankan filoti sun yi mata illa,
Na rufe bakina, kunya ta kama ni.

Ɗan Maiurno, Jidda

Baba a gafarce ni, kun cinye "ni" ɗin kaf, ban sami ko ɓarɓashi ba. Zan hau "wa". In da tara, na ɗauka.

Ku da kuke muhawara kan gyara,
Ku zo Sawakin ta Sudan ku ga rushewa.

Ita da Jidda uwa ɗaya ce,
Bahar Maliya ce ke rabawa.

Dutsen murjani da rawashin duka,
Kamar hannu guda ya yi sassaƙawa.

Kakanninmu da suka baro yaƙin Burmi,
A 1903, ranar watsewa,

Suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu,
Maiurno ke nan, garin tsayawa.

Mai niyyar Makka ya yi ƙodagon auduga,
Ya tara guzuri kafin wucewa.

Sawakin ce ƙofarsa ta ƙarshe,
Daga nan sai jirgi da tsallakawa.

Turawan Ingila suka buɗe Bur Sudan,
A 1909, kasuwa ta yi ƙaurawa.

Attajirai suka kulle ƙofofi,
Gishiri da danshi suka hau cinyewa.

Gidan da ba a kwana a cikinsa,
Ba ya jiran katafila wajen faɗuwa.

Kyanwoyi suka gaji tsibirin,
Har ana ce musu aljanu don tsoratarwa.

Erdogan ya zo a Disambar 2017,
Aka ƙulla alkawarin farfaɗowa.

Masallacin Hanafi da na Shafi'i,
Turkawa sun gyara, ba musantawa.

Sai mulki ya juya, sai ga yaƙi,
Afrilun 2023, kowa na tserewa.

Wace gwamnati za ta tuna da dutse
Ran da yara ke kwana da yunwa?

Daga tashar Sawakin na hau jirgin Jidda,
Idona na kan kangon, ina waigawa.

Sawun kakana na bi daidai,
Shi hajji ya kawo shi, ni gudowa.

Baba Ɗan Takari, Jidda

Ɗana, ka karya doka, amma baitin ƙarshen nan ya sa na cire tabarau na goge. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Tara dai tana nan: shayin mutum biyar, mai na'ana'a.

Auta, jikar Baba

Amin Kawu. Ni ce na kai tsohon nan Balad, kuma akwai abin da ya ɓoye muku.

Angona, ka faɗi dutse ka bar gahawa,
Kofin da ka ji kuɗinsa ka harare ni.

Wasu gidajen sun koma otal,
Wasu wurin hoto ga 'yan zamani.

Daren azumi ba masaka tsinke,
Balila da kibda, ƙamshi ya ja ni.

Ƙawayena biyu na rakiyar baƙi,
Da Larabci da Turanci suna bayani.

Aiki ne, albashi ne, ban raina ba,
Ko ni aka kira, da gudu za a gan ni.

Amma na ɗaga kai na dubi benaye,
Fitila na ci, ba shanyar zani.

Ba kukan jariri, ba ƙarar turmi,
Na ce Goggo Uwar Zahra ta riga ni.

Sani Magini, Riyad

Auta ta faɗi gaskiya, mu magina mun san wannan. Gidan da ake shara a cikinsa kullum, ranar da ya fara yoyo za a gani a toshe. Wanda aka kulle, sai ya tsage ake labari. An ce aikin Balad da aka ƙaddamar a 2021 na shekara 15 ne, har da batun dawo da mazauna. Muna nan muna kallo.

Baba Ɗan Takari, Jidda

Ja'ira, asirin gahawar ma sai da kika tona. Bari in koma kan 'yata, don tun jiya tambayarta ke bina.

'Yata Uwar Zahra, ba ni da amsa,
Tambayarki ta kayar da ni.

Yabon da na yi ban janye shi ba,
Sawakin ta isa ta gargaɗe ni.

Jidda ma ta taɓa rushe ganuwarta,
A 1947, don faɗaɗa birni.

Bab Makkan da ke tsaye a yanzu,
Sake ta aka yi, tsohuwar sai a tunani.

Ta nan ubana ya wuce da sandarsa,
Shekara 7 yana tafe, damina da rani.

Na bi allunan bango ina karantawa,
Ban ga Takari ba, abin ya dame ni.

Ki zo Juma'a gindin darbejiya,
Ki lissafo Sabil gida-gida ki faɗa mini.

Auta ta zo da biro da littafi,
Taswirar lungu kuma aikin Sani.

Ɗan Maiurno ya kawo shayin tararsa,
Ya ƙara da Sawakin, ya shayar da ni.

Uwar Zahra, Bahra

To Baba, Allah ya kai mu. A ce wa Auta littafin ya zama mai kauri.

Zan zo bayan la'asar in sha Allahu,
Amma kuɗin motar Bahra wa zai biya mini?

Zan fara da gidan mai tsire na bakin kwana,
Sai na ungozomar da ta karɓe ni.