Shawara don Allah: ciwon bakin mahaifa yana bin jini ne?

Maman Ilham: Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya aka yi mata gwajin bakin mahaifa aka ce tana da CIN2, likita ya ce ba sankara ba ce tukun amma sai an yi maganin wurin, toh abin da ya ɗaga min hankali ƙanwar mamanmu ma da ciwon nan ta rasu. Gado ne? Kuma na ji ana cewa akwai gwajin gado da ake ɗiban jini a aika waje, wadda ta san inda ake yi ta taimaka min

Ummu Sadiq: Wslm, Allah ya ba ta lafiya. Ni dai a sanina ba gado ba ne, wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo shi kuma wajen saduwa ake ɗauka

Sista ungozoma: Ummu Sadiq kin faɗi gaskiya amma ba ki ƙarasa ba. HPV ce silar kusan duk sankarar bakin mahaifa, nau'i na 16 da 18 kaɗai sun kwashe kusan kashi 70 cikin 100. Sai dai ita wannan ƙwayar yawancin masu aure sun taɓa haɗuwa da ita ba su ma sani ba, kuma kusan 9 cikin 10 jikinsu ke kore ta da kansa cikin shekara 2. Wadda ta ƙi fita ta zauna shekara da shekaru ita ce ke ɓata fatar wurin, matakan ɓacin su ne CIN1, CIN2, CIN3, in an bari har ta kai sankara, galibi bayan shekara 15 zuwa 20. Toh me ya sa jikin wata ke korewa na wata ya kasa? nan ne gado ke da hannu. Bari 'yar lab ɗinmu ta zo, fanninta ne

'Yar lab: Ga ni Anti 😄 Akwai wasu ƙwayoyin gado ana ce musu HLA, suna kan kuromosom na 6, kowa ya gaji rabi wajen uwa rabi wajen uba. Aikinsu kamar farantin talla ne, in cuta ta shiga ƙwayar jiki sai su ɗauko gutsurenta su ɗora a waje don sojojin garkuwar jiki su gani su zo su kashe ƙwayar da ta kamu, kuma farantin kowa da irin ƙirarsa, na wata yana riƙe gutsuren HPV16 da kyau na wata yana zamewa, sai cutar ta samu ta laɓe. Nau'in HLA da aka fi gani yana ƙara haɗari shi ne DRB1*15:01, musamman tare da HPV16, shi kuma dangin DRB1*13 an sha ganin yana ba da kariya. Abin da ke burge ni DRB1*13:02 ɗin nan yana da yawa a Afirka ta Yamma, tun 1991 aka gano a yaran Gambiya cewa yana kare su daga maleriya mai tsanani, daga baya a can ɗin dai aka ga masu shi sun fi kore ciwon hanta nau'in B

Maman Ilham: Toh kenan ni da yayata iri ɗaya muke da shi??

'Yar lab: Ba dole ba. Tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya damar su zo da HLA iri ɗaya sak 1 cikin 4 ce, shi ya sa in za a yi wa mai sikila dashen ɓargo ake ta gwada ƙanne da yayye ba kowa ke dacewa ba. Amma haɗarinki ya ɗan ɗara na wadda babu a gidansu, wannan kam ba zan ɓoye miki ba. A Suwidin sun bi rajistar iyalai, a 1999 suka fitar cewa wadda 'yar uwarta ta jini ta samu ciwon haɗarinta ya kusa ninki 2, amma tsakanin mace da uwar riƙonta ba a ga haka ba, sannan suka ƙiyasta rabon gado a kusan kashi 27 cikin 100. Ki lura ragowar ya fi yawa nesa ba kusa ba

Hajiya Babba: Ikon Allah. Wannan bayanin ya warware min wani abu, na san gida mata uku miji ɗaya, ɗaya ce kaɗai ta kamu aka yi ta yi mata kallon banza har da masu cewa Allah kaɗai ya san inda take zuwa, baiwar Allah ga ciwo ga baƙin ciki

Sista ungozoma: Wlh Hajiya kun taɓo inda ke min ciwo, zalunci ne tsantsa. Tana iya yiwuwa dukkansu sun ɗauka, biyu jikinsu ya kore ɗaya ya kasa, kuma ƙwayar na iya kwanciya shekaru masu yawa kafin ta nuna, babu gwajin da zai ce ga ranar da ta shiga ko ga wanda ya kawo. Ni shawarata a irin gidan nan kishiyoyin ma su je a duba su

Maman Ilham: Toh gwajin gadon fa, in yi?

'Yar lab: Ki riƙe kuɗinki. Ko an ce kina da mai kariya ba zai hana ki zuwa gwajin bakin mahaifa ba, ko an ce kina da mai haɗari abin da za a ce ki yi shi ne dai gwajin, toh me kika saya? Ga shi manyan binciken yawanci a kan Turawa aka yi, kamar na 2021 da ya haɗa bayanan Birtaniya da Finlan ya ƙara gano ƙwayoyin gado PAX8 da CLPTM1L bayan HLA ɗin, mu kuwa Afirka mun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado ba lallai lissafinsu ya hau kanmu daidai ba. Akwai aikin bincike mai suna ACCME a ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken gado da lafiya a Afirka, da ya bi dubban mata a Abuja kan wannan maganar, irinsa muke buƙata da yawa

Amaryar Zariya: Ni kam a ba ta habbatussauda da zuma da zogale, suna ƙarfafa garkuwa sosai, akwai ma wata mai haɗa na matsi

Sista ungozoma: Zogale ta ci abinta a kwaɗo ba laifi, amma ba ya canza HLA kuma ba ya goge CIN. Matsi kuwa a'a don girman Allah kar a cusa komai a wurin. Abin da aka tabbatar yana raunana garkuwa har ya ba HPV dama shi ne HIV, mai ɗauke da ita haɗarinta ya ninka 6 kuma ciwon kan yi sauri, shekara 5 zuwa 10 in ba ta shan magani, sai shan taba, sai yawan haihuwa shi ma yana cikin lissafi. Maman Ilham ga abin yi: in kin kai 30 ki nemi gwajin HPV, shi Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta fi so, in ya fito lafiya sai bayan shekara 5 zuwa 10. In babu shi a kusa ki yi Pap, wanda ake lakato ƙwayoyin bakin mahaifa a duba a lab, ko VIA, wanda ake shafa ruwan khal a duba ko wurin zai yi fari, duk shekara 3. Mai HIV daga 25 take farawa. Kuma ki buɗe baki ki gaya wa likita maganar yayarki da innarku, kar kunya ta hana

Ummu Sadiq: A Kano ki je asibitin koyarwa na Aminu Kano (AKTH) ɓangaren mata, na Zariya kuma asibitin koyarwa na Shika. Ki sammako, kuma kar ki je kina al'ada

Maman Twins: An min LEEP bara saboda CIN3, ki kwantar wa yayarki hankali. Allurar kashe zafi suka yi a wurin suka yanke da wata 'yar waya mai lantarki, ranar na koma gida, ruwa ruwa da ɗan jini ya yi ta zuwa na ɗan lokaci, aka ce ba saduwa sai bayan sati 4 sannan in dawo bayan shekara a sake dubawa. Gara a kira maigidan ya ji daga bakin likita, ya fi sauƙi 😅 In tana son ƙara haihuwa ta faɗa tun kafin a yi, don yankan yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, wani wurin in ƙarami ne ƙonawa kawai ake yi

Sista ungozoma: Haka ne, kuma CIN2 a mace mai ƙuruciya kusan rabi yana komawa da kansa, shi ya sa wani likitan zai ce a sa ido tukun, amma da sharaɗin tana zuwa duk ranar da aka ba ta

Maman Ilham: Ngd sosai Allah ya saka da alheri. Ilham shekararta 11, rigakafin HPV ɗin nan da ake ta surutu a kai fa?

Sista ungozoma: Ki kai ta asibitin sha ka tafi mafi kusa da ku. Tun Oktoban 2023 aka fara a Najeriya, 'yan mata 9 zuwa 14 aka fara da su, allura ɗaya ce kuma kyauta, sunanta Gardasil mai rufe HPV nau'i na 6, 11, 16 da 18. Zancen hana haihuwa ba shi da tushe. Amma ba ta rufe duka ba, akwai irin su HPV35 da aka fi samu a matan Afirka fiye da na sauran wurare, don haka in ta girma ita ma za ta riƙa gwaji. Ki fara tambayar ma'aikaciyar rigakafi wace rana suke bayarwa, kuma ki tafi da katinta