Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba caddisfly kafin ranar Alhamis?

Malamar Bayoloji: Slm jama'a, dan Allah a taimaka min da gaggawa. Ranar Alhamis da safe zan shiga shirin rediyo kan lafiyar kogunanmu, kuma an ce in taho da 'yar takarda da Hausa da za a raba wa ɗalibai 'yan sakandare. Komai na fassara shi sai kalma ɗaya da ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi, wato caddisfly, rukunin da masana ke kira Trichoptera. Ɗan ƙwaro ne ruwan ƙasa-ƙasa, kama yake da faɗa-wuta, da daddare yana zuwa wajen fitila, amma tsutsarsa a cikin ruwa take girma kuma wasu har gida suke yi da yashi da tsinkaye suna yawo da shi. Rubutun yana bayani ne kan yadda ake bambanta wani iri da wani ta sassan jiki da kuma yankin da ake samunsa, to kunga sunan ya fito ya fi sau ashirin, ba zai yiwu in yi ta cewa "wannan ƙwaron" ba. Na duba kamus biyu da ke gidana ban samu ba. Laraba da daddare zan kai wa mai buga takarda.

Ɗan Kurmi: Ƙudan ruwa mana Malama, a wuce wajen.

Ɗalibin Ƙwari: A'a yayana, ƙuda fiffike biyu gare shi, wannan huɗu ne. Turawan ma da suka maƙala masa sunan ƙuda, wato fly ɗin da ke ƙarshen caddisfly, ba don dangin ƙuda ba ne. 'Yan uwansa na kusa su ne malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta, bambancin shi ne su in ka taɓa fiffikensu wani gari-gari zai maƙale maka a yatsa, shi kuwa gashi ne sirara a kwance a kan fiffiken. In ya sauka kuma sai ya kifa fukafukan a bayansa kamar jinkar ɗaki, ƙahonninsa biyu dogaye a miƙe gaba.

Ɗan Kurmi: Toh mai-gida-a-baya.

Anti Mai Fassara: Wannan ai kunkuru da dodon koɗi za su ce nasu ne. Malama ni shawarata ki rubuta "kadis" kawai ki yi bayani sau ɗaya a farko, haka muke yi a ɗakin labarai in lokaci ya ƙure.

Baba Mai Kamus: Assalamu alaikum. 'Yata, kada ki soma rubuta kadis. Sunan nan na Trichoptera daga Girkanci yake, trichos gashi, pteron fiffike, wani Bature William Kirby ne ya raɗa shi a 1813. Shi ya dubi halittar ya haɗa kalmomi biyu, mu me zai hana mu? Na daɗe da tanadar wa wannan rukuni suna: FIFFIGASHI. Fiffike da gashi. Jam'i fiffigasai. Gajere ne, yana da daɗin faɗa, kuma ma'anarsa daidai da ta asali ba ragi ba ƙari.

Anti Mai Fassara: Allah ya ƙara girma Baba, amma wlh in na faɗi fiffigashi a rediyo mai sauraro a Rimin Gado zai ɗauka fiffige gashi ake nufi, kamar ana figar kaza. Kuma Hausa ba ta cika yanke kan kalma ta liƙa a jikin wata haka ba, namu ginin ai irin su faɗa-wuta ne, dafa-duka, hana-salla, aikatau a gaba sannan abin da ya faɗa wa.

Baba Mai Kamus: To shi kadis ɗin mai sauraron Rimin Gado me zai ɗauka? Wannan lalacin ne ya kai mu inda muke. Kullum lokaci ya ƙure, kullum a ara. Yaro ya gama sakandare bai san sunan ƙwari goma da harshen uwarsa ba, mazari ma sai ka nuna masa hoto. Mu da muka taso ana ce mana zanzaro, rina, gizaka, shinge, kowanne da sunansa, yau mu ne za mu zauna muna karɓar sadakar kalma?

Anti Mai Fassara: Baba ba lalaci ba ne, shekara da shekaru ina wannan aikin kuma ina kishin Hausa kamar kowa. Mota, tebur, asibiti, kwamfuta, duk aro ne kuma ba su kashe Hausa ba. Abin da yake kashe harshe shi ne a ƙirƙiro kalma a ofis mutane su ƙi ɗauka, ta mutu a cikin takarda.

Malam na Sabon Titi: Ni kam in aro za a yi gara a ara daga Larabci, su sha'ariyyatul ajniha suke cewa, ma'anar ɗaya ce da abin da Baba ya faɗa, masu gashin fukafukai. Ai da can kalmomin ilimi da yawa daga can muka samo su.

Ɗan Kurmi: Malam yaro ɗan aji huɗu zai iya furta wannan kuwa? Aro dai aro ne ko daga gabas ko daga yamma.

Basakkwacen Fagge: Ku Kanawa matsalarku kenan, kun cakuɗa Hausa da harshen kasuwa sannan ku ce taku ita ce daidaitacciya. A je ƙauyukanmu a tambayi tsofaffi masu su, na tabbata abin da ke cikin gulbi ba zai rasa suna ba.

Baba Mai Kamus: Ɗana, daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, wannan ba abin musu ba ne, kuma ba mu muka roƙa ba.

Basakkwacen Fagge: An gina ta a kai kam, amma ba don ta fi tsafta ba Baba.

Malamar Bayoloji: Dan girman Allah a bar maganar Kano da Sakkwato zuwa Juma'a, ni Laraba ce a gabana. Ƙanena Ɗalibin Ƙwari kai ka san abin da idonka, me ka gani?

Ɗalibin Ƙwari: Toh Malama bari in ɗan yi tsawo a yi haƙuri. Ni da farko "ƙwaron kube" na so in ce, saboda gidan da tsutsar ke ja kamar kuben wuƙa yake, ta zura jikinta mai laushi a ciki ta bar kai da ƙafafu a waje, kuma a ƙarshen jikinta akwai ƙugiyoyi biyu da take riƙe kuben da su ta ciki, in ka ja ta da ƙarfi sai ta tsinke ba ta fito ba. Amma ga inda gizo ke saƙar. Hotunan da kuke gani a intanet na masu kuben tsinkaye manya-manya, da yawansu dangin Limnephilidae ne, su kuwa 'yan ƙasashen sanyi ne, Turai da Arewacin Amurka da arewacin Asiya, a Afirka sai can wajen duwatsun Maroko da makamantansu. Lokacin da muka je ɗibar samfur a ƙasan dam ɗin Tiga inda ruwa ke gudu a kan duwatsu, duk dutsen da na ɗaga na juya abin da na fi gani shi ne 'yar raga ƙarama kamar farcen ɗan yatsa a manne a jikin dutsen tana fuskantar ruwa, ga tsutsa a ɓoye a gefenta cikin tsakuwoyi. Waɗannan Hydropsychidae ne, irin su Cheumatopsyche, ba sa yawo da kube, raga suke saƙawa ruwa ya kawo musu abinci su bi su tsince, kamar mai su ya kafa koma. Tsutsar tana lanƙwashe, bayan kanta sassa uku masu tauri, a ƙarƙashin cikinta kuma wasu geza-geza ne farare da take numfashi da su. To in muka ce ƙwaron kube mun raɗa wa na Turai suna mun bar na koginmu. Masu kube ma muna da su, dangin Leptoceridae, da yashi suke yin nasu siriri, amma abin da ya haɗa su duka shi ne zare. Duk tsutsar rukunin nan tana fitar da zaren siliki daga bakinta, mai kube da shi take ɗinke yashin, mai raga da shi take saƙa. Saboda haka ni MASAƘIN RUWA nake gani. Jam'i masaƙan ruwa.

Anti Mai Fassara: Kai masha Allah, wannan ya zauna a baki. Kuma Bakano ba sai an yi masa dogon bayani ba, garin saƙa da rini, wanda ya san rigar tsamiya ya san tsutsa na yin zare. Na janye kadis.

Ɗan Kurmi: Ashe shi ne wanda muke gani a rataye a jikin bishiya ya ɗaure tsinkaye kamar ɗan damin kara?

Ɗalibin Ƙwari: A'a wancan tsutsar wani faɗa-wuta ce, a tudu take. Shi ya sa "ruwa" ɗin dole ya zauna a sunan.

Baba Mai Kamus: Ina da ja guda biyu. Na farko, tsutsa ce ke saƙa, babban da ke tashi bai taɓa saƙa komai ba, kuma 'yata ta ce rubutunta kan gane iri ne ta sassan jiki, wanda da babban ake yi. Fiffigashi kuwa sunan babban ne. Na biyu, rabin mutanen nan ba sa sa ƙugiya a rubutu, za su rubuta "masakin ruwa", mai karatu ya ɗauka masaki ake nufi, ƙatuwar ƙwaryar zuba ruwa. A ba ni amsa.

Ɗalibin Ƙwari: Baba na farkon kuna da gaskiya, da babban ake tantance iri. Ana kama su da farin ƙyalle da fitila a bakin ruwa bayan magariba, a zuba a kwalba mai sinadarin adanawa. Sai a duba ko yana da ƙananan idanu uku a saman kai, Hydropsychidae ba su da su, wani jinsi da ake kira Chimarra kuwa na da su. A duba 'yan yatsun gefen baki gaɓa nawa ne, a duba jijiyoyin fiffike, a ƙirga ƙayoyin da ke ƙwaurin ƙafar gaba da ta tsakiya da ta baya a rubuta kamar 2-4-4 ko 3-4-4. Leptoceridae ma tun daga nesa za ka zarge su don ƙahonsu ya ninka fiffike tsawo. Duk wannan dangi yake kai ka ko jinsi, amma ainihin iri sai an sa ƙarshen cikin namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma an ga siffar gaɓoɓin haihuwarsa, sannan a tambaya shin an taɓa samun wannan irin a yankin nan? Domin sun haura iri 14,000 a duniya, ko'ina akwai su ban da Antatika, in manhajar waya ta ba ka sunan na Ingila alhali a Wudil ka kama shi to ka san ta yi kuskure. Amma Baba ko da babban bai yi saƙa ba, ɗan masaƙa ai ana ce masa na gidan masaƙa.

Anti Mai Fassara: Waɗannan ƙayoyin ƙafar ƙaimi za ki ce Malama, irin na zakara. Lissafin ƙaimi.

Baba Mai Kamus: Ƙaimi daidai ne, wannan Hausa ce tsantsa, na yaba. Amma ba a amsa min maganar masaki ba.

Malamar Bayoloji: Baba a rediyo kunne zai ji ƙ ɗin, a takarda kuma ni zan tsaya a kan mai bugawa sai ya sa ƙugiya. Gsky abin da ya ja ni ga masaƙin ruwa shi ne saƙon shirin. Ƙwarin nan galibinsu ba sa jure ƙazamin ruwa, shi ya sa masana ke ƙirga su don auna lafiyar kogi. Ina so in ce wa yaro je ka ɗaga dutse a inda ruwa ke gudu, in ka ga raga masaƙa na nan, sannan ka tuna ruwan Jakara yadda ya yi baƙi ka tambayi kanka wa zai yi saƙa a ciki. Da fiffigashi ba zan iya wannan maganar ba don yaron ba fiffike zai gani a ƙarƙashin dutse ba.

Basakkwacen Fagge: Ni dai ban yarda babu sunan gargajiya ba. A rubuta cewa na wucin gadi ne.

Ɗan Kurmi: Ina da abokin ciniki ɗan gidan masunta a Wudil, ƙanena turo min hoton ragar da tsutsar in nuna masa ya kai wa tsohonsa, amma ba lallai amsa ta zo kafin Laraba ba.

Malamar Bayoloji: Toh ga yadda zan sa: masaƙin ruwa ga ƙwaron gaba ɗaya, Trichoptera a gefensa sau ɗaya a farko, tsutsa mai kube da tsutsa mai raga, lissafin ƙaimi. A wajen bayanin sunan kimiyya kuma zan rubuta cewa ma'anarsa mai gashin fiffike, kamar yadda Baba ya koya mana. In masunta sun zo da nasu sai a gyara a bugu na gaba.

Baba Mai Kamus: Ki sa, tunda lokaci ya ƙure miki, Allah ya ba da sa'a 'yata. Amma ban sauka ba. Masaƙin ruwa sunan kasuwa ne, rukunin a matsayinsa na rukuni yana nan ba shi da suna, kuma ni a littafina fiffigashi zan ci gaba da rubutawa. Ɗana mai ƙwari, in za ku koma Tiga ka taho min da babban guda ɗaya a kwalba in ga gashin nan da idona.

Ɗalibin Ƙwari: In sha Allah Baba, zan haɗo muku da dutse mai raga a jiki.