Shawarwari kan shan maganin antibiyotik

Antibiyotik na kashe nau'in ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya ne kawai. Mura kuwa wani nau'in ƙwayar cuta daban da ake kira bairos ke kawo ta, don haka antibiyotik irin su amoksisilin ba zai yi mata komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ragowar kafso biyu da ake ajiyewa a aljihun tebur, a miƙa wa wani da zarar zazzaɓi ya kama shi. Duk sanda aka sha maganin, ƙwayoyin cuta masu rauni sukan mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. A 2019 wannan turjiya da bakteriya ke yi wa magani ta kashe kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya.

Shi ya sa likita ne ya kamata ya rubuta maganin, a bi adadi da kwanakin da ya tsayar.