Ciniki na hawa, riba na sauka: ta ina kuɗin ke zurarewa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu gidan burodi da ruwan leda, don Allah a taimaka. Kaya na fita, ciniki ya fi na bara, amma abin da ke saura ƙarshen wata sai raguwa yake.

Akanta: Wa alaikumus salam. Malam, fara da fitar da ribar gudanarwa: cinikin wata, ka cire kayan haɗi, albashi, wuta, man gas, sufuri, haya da tsufan inji, kafin kuɗin ruwan banki da haraji. A ce ciniki naira miliyan 10, kayan haɗi miliyan 6.5, sauran miliyan 2.5. Saura miliyan 1, wato kashi 10 cikin ɗari. Kayan haɗi su tashi da kashi 10 kawai, kai ba ka taɓa farashi ba, ribar ta koma dubu 350. Tsufan inji kuwa shi aka fi mantawa: injin miliyan 6 da zai yi shekara 5, dubu 100 yake ci duk wata, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba.

Mai gidan ruwa: A wajenmu ruwan ba shi ne tsada ba, leda ce da wuta. Da kilo ake sayen leda, don haka a auna kowane rol kafin a ɗora, a ƙirga jaka nawa mai ɗauri 20 ya fitar. Mai kauri tana rage yawan jaka, marar kauri ta fashe a mota. In zafin hitar da ke liƙe leda bai daidaita ba, baki ba ya kamawa, sai yoyo. Haka duk sauyi daga wuta zuwa janareta sai an zubar da na farko. Direban da ya ce kaya sun fashe, ya dawo da ledar a ƙirga. Waɗanda ke Band A, rukunin da aka fi ba wuta, kuma sun sani, a Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya na wuta ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225.

Hajiya mai burodi: Ɗan'uwa, sikeli. Mai yanka ya saba da ƙiyasin hannu, ya ƙara giram 20 a kan kwaɓin giram 500, kashi 4 ke nan ya tafi a kowane buhun fulawa mai kilo 50. Sai kwantai: in ka yarda 'yan sari su dawo da abin da bai shiga ba, sa musu iyaka, in ba haka ba za su ɗiba fiye da ƙarfin kasuwarsu, asarar taka.

Mai yogot: Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu firjin mai shago ke kashe mu: wuta ta ɗauke, roba ta kumbura, a dawo maka da ita.

Akanta: Akwai kuma ramin da ke zuwa bayan an fitar da ribar gudanarwa. A 2023 Nestlé Nigeria ta yi cinikin kusan naira biliyan 547, ribar gudanarwarta ta haura biliyan 100, amma ta rufe shekara da asarar kusan biliyan 79, saboda bashin dala da ke kanta bayan an saki naira darajarta ta faɗi a watan Yuni. Ƙaramin kamfani ma haka ne: in bashin inji ko na madarar gari da dala aka ƙulla shi, ware masa layinsa daban a littafin lissafi, kana sabunta shi da canjin ranar duk ƙarshen wata.